Haruffa Uku a Kan Gilashi: Jinjina ga Salvu Micallef

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, kafin masu sayar da kofi su ɗaga ƙofofinsu, Salvu Micallef ya riga ya shigo ta ƙofar baya ta rukunin shagunan unguwarmu. A hannunsa akwai 'yar jakar takarda da maiƙon pastizzi biyu, gasasshen fulawa mai cuku a ciki, ya jiƙa, a ƙugunsa kuma tarin makullan da ake jin ƙararsu tun daga wajen ajiye motoci. Ba ya taɓa abincin nan sai ya bi na'urorin wasa ɗaya bayan ɗaya da tsumma. Ya goge gilashi, ya kankare cingam daga ƙarƙashin madanni, ya kara kunne a jikin kowace kamar likita a ƙirjin jariri. Wadda ta yi tari ya buɗe mata ciki. Sai ya gama ya zauna a kan kujerarsa mai ƙafa ɗaya gajera, ya ci abinsa a sanyaye.

Haka yake yi shekara arba'in da uku. Ranar Juma'ar da ta wuce ya ajiye makullan.

Ni Noreen Pascoe, ban iya rubutun jarida ba. Ɗinki na iya, da surutu. Amma na roƙi masu wannan 'yar jarida ta unguwa su ba ni fili, domin akwai maganar da na daɗe ina zaune a kanta, kuma a shekara saba'in da bakwai mutum ba ya ce wa gobe ta jira shi.

Waɗanda suka girma a nan yammacin Melbourne sun san wurin da yara suka raɗa wa suna Kogo. An buɗe shi a 1981, tsakanin shagon Des mahauci da mai gyaran takalma. Duhu ne a ciki, sai walƙiyar gilasai da ƙara kamar ana yaƙi. Ka jefa ƙwandalar senti ashirin, ka samu rai uku, ka harbi jiragen da ke saukowa daga sama har su cinye ka. Wanda ke jiran layi sai ya ɗora ƙwandalarsa a bakin gilashi, kuma duk rashin kunyar yaro ba ya taɓa ta wani. Salvu yana da shekara ashirin da huɗu a lokacin, siriri, da gashin baki da ɗamarar canji. Shi ne mai shara, shi ne mai gyara, shi ne alƙali.

Mu iyaye mata ba mu ga haka ba. Mu dai mun ga rami mai duhu da ke haɗiye kuɗin abincin rana. Muka ce nan ake koyon gudun makaranta, nan ake koyon taba. Muka kafa kwamiti, muka rubuta takardar koke zuwa ƙaramar hukuma, kuma wa kuke tsammani ya riƙe biro yana bin gida gida? Ni ce. Ban taɓa shiga wurin ba ko sau ɗaya. Da na shiga da na ga allon da ya rubuta da hannunsa, cewa mai kayan makaranta ba ya shiga kafin ƙarfe uku. Da na ga yadda yake koro 'yan gudun aji da tsintsiya yana cewa, "Ku koma, lissafi na jiranku. Wanda bai iya ƙirga ba ta yaya zai san an ci shi?" Amma wanda ya riga ya yanke hukunci ba ya neman shaida.

Sai na ɗan yi wa 'yan zamani bayani ɗaya, don kada labarin ya ɓace musu. Na'urorin wancan lokaci, in ka yi maki mai yawa, suna ba ka dama ka sa haruffa uku na sunanka a jerin gwanaye. Jerin nan yana nan muddin akwai wuta. Ka zare filogi, ya tafi kamar ba a taɓa yi ba. Masu ginin kuma kowace yamma suna kashe wutar shaguna. Don haka kowace safiya jeri sabo ne, kowa daga ƙasa yake farawa.

A kan na'urar harbin jirage da ke kusurwar hagu, gwanin gwanaye wani yaro ne, Zoran Naumovski, ɗan shekara goma sha huɗu. Ubansa Risto yana aiki a masana'antar taya. Wata Alhamis cikin zafin Janairun 1983 Zoran ya yi makin da ba a taɓa gani ba, dubu ɗari da arba'in da biyu da ɗari uku da tamanin, ya sa ZOR a saman jeri. Ya roƙi Salvu kada ya bari a kashe, yana so ubansa ya gani ranar Asabar. Salvu ya yi tsaki ya ce shi ba bawan kowa ba ne, sannan ya leƙa wajen Des ya ce, "Abokina, firjinka ba ya barci, ko?" Suka huda bango, suka ja waya daga layin firjin nama zuwa bayan na'urar.

Ranar Juma'a Zoran ya tafi wanka kogi da abokansa. Bai dawo ba.

Salvu bai cire wayar ba. Bayan sati uku Risto ya zo, ranar Asabar da tsakar rana, lokacin da a wancan zamani ake rufe shaguna. Ya tsaya a gaban gilashin da hularsa a hannu.  Daga ranar ya zama ƙa'ida: kowace Asabar, in yara sun watse, Salvu ya sauke ƙofa rabi ya ci gaba da shara, Risto ya sunkuyo ya shigo ya yi minti biyar da haruffan ɗansa. Yara kuma suka yi tasu dokar ba tare da an sa su ba. Duk wanda makinsa ya kusa kamo na Zoran sai ya ɗauke hannu, ya bari jirage su cinye shi. Wata tara ana haka. Duk unguwar 'yan ƙasa da shekara sha shida ta sani. Mu masu takardar koke ba mu sani ba.

To, ga ranar tawa.

Asabar ce a watan Oktoba. Na ce wa 'yata Bronwyn, tana da sha uku a lokacin, ta same ni a mota sha biyu saura kwata. Na zauna, nama na ɗumi a kujerar baya, raina na tafasa. Sha biyu ta buga. Na fito na nufi Kogo kamar an harbo ni. Ƙofa a sauke rabi, ba kowa sai Salvu da tsintsiya, sai 'yata a kusurwar hagu, idonta a kafe kan gilashi.

Na ce, "Bronwyn, fito."

Ta ce, "Mama, saura rai ɗaya."

"Ni za ki ce wa saura rai ɗaya?"

Na hango wayar a bayan na'urar. Na ji Salvu ya yar da tsintsiya yana cewa, "Misis, don Allah kada ki..." Bai ƙarasa ba na fizge. Gilashin ya yi baƙi. Har yau ina jin wani ɗan sauti da ya yi, kamar ajiyar zuciya. Na juyo ina jin kaina jaruma, na ce masa, "In ba ka iya korar 'ya'yan mutane ba, ni na iya." Bai dube ni ba. Gilashin yake kallo, hannuwansa a sake. Na ja yarinyar muka fita. A hanyar fita muka yi kiciɓis da wani mutum mai kayan masana'anta, yana cire hula tun kafin ya kai ƙofar. Har ya matsa mana muka wuce.

A cikin mota Bronwyn ta faɗa mini abin da na yi. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta faɗa ne a hankali, tana kallon gwiwoyinta, ta ƙare da cewa, "Baban Zoran ne muka wuce." Makulli yana hannuna. Daga inda na ajiye mota zuwa Kogo bai kai taku ɗari ba. Na duba madubi, na ce nama zai lalace, na tayar da mota.

Ranar Talata na je wajen Des. Yana naɗe mini haƙarƙari a takarda ya ce, "Misis Pascoe, kin ji abin da sakaran maƙwabcina ya yi? Wata tara ina biya masa wuta, ya tashi ya yi tuntuɓe da wayar yana shara. Da bakinsa ya faɗa wa uban. Na ɗauka Risto zai karya shi. Bai taɓa shi ba, ya dai tofar da yawu a gaban takalminsa ya fita."

Kun san abin da na ce? Na ce, "Ayya." Na karɓi namana. Wannan "ayya" ita ce mafi munin kalmar da ta taɓa fita daga bakina, kuma ni mace ce mai yawan magana.

Ban tsaya nan ba, tunda yau ranar wanka ce. Na ci gaba da yawo da takardar koke, har da ƙarin zafi, don in wurin ya rufe ba sai na riƙa ganinsa ba. Ba a rufe ba, amma an rage masa sa'o'i, albashin Salvu ya ragu. Yara suka daina kiransa Kawu Salvu, suka koma ce masa Mai Tuntuɓe. Ya amsa sunan.

Abin da ya yi bayan haka daga bakin Des na ji, shekaru da yawa kafin Des ya rasu. Salvu bai iya wasan ba ko kaɗan, gyara kawai ya sani. Amma ya rubuta makin Zoran a jikin bango da fensir. Kullum da sassafe, Des na saran ƙashi, sai ya ji harbi ta cikin bango. Da ƙwandalolin aljihunsa yake wasa. Ba wai ya kai makin kawai yake nema ba, so yake ya tsaya a kansa daidai, ba ƙari ba ragi. Sau biyu yana zarcewa, dole ya kashe da hannunsa ya faro. Wata biyar ya yi. Ranar da ya dace ya sa ZOR, ya aika a kira Risto.

Risto ya zo, ya duba, ya ce, "Wannan hannunka ne, ba na ɗana ba." Ya juya. Bai sake taka wurin ba. Shekara arba'in suna haɗuwa a layin biyan kuɗi, a wajen mai magani, Salvu ya ce ina kwana, Risto ya kalli silin.

Kai ne, Salvu, ka shanye wannan duka da kalma ɗaya a bakinka wadda za ta wanke ka, ka ƙi furta ta. Kai ne ka riƙa gaishe ni in mun yi karo, "Barka da hantsi, Misis Pascoe," ba tare da ko ɗaga gira ba, ni kuwa in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Saboda kai na koyi shiga ginin nan ta ƙofar kudu, mai nisa, ko ana ruwa.

Zamani ya yi ta juyawa a kansa. Aka zo yayin na'urorin dambe, samari suka cika wurin har waje, ya raba faɗa ya fi a ƙirga. Aka zo lokacin da kowane gida ya sayi na'urarsa ya haɗa da talabijin, Kogo ya zama kango, wasu ranakun shi kaɗai ne da ƙarar injuna. Gidajen wasa irinsa suka yi ta rufewa a sauran unguwanni. Wurin ya canja masu shi sau huɗu. Aka mayar da shi sama kusa da silima, aka fente shi da launin alewa, aka kawo na'urar rawa, da akwatin gilashi mai ƙugiya da ke cafko 'yar tsana, aka daina ƙwandala aka koma kati. Kowane sabon mai gida sai ya ce a fitar da tsohuwar na'urar nan ta kusurwa, kowanne kuma Salvu ya ce masa, "To, ka haɗa da ni." Da yake ba mai iya gyara kamarsa, sai a bar su su biyun.

Ba ni kaɗai ke da labarinsa ba. Tambayi matar da ke sayar da furanni a ƙasa, wadda ya ɓoye a ɗakin kayan gyara ranar da tsohon mijinta ya biyo ta, ya tsaya a ƙofa da sukundireba a hannu yana cewa shi bai ga kowa ba. Tambayi mai gyaran wutar da ya gyara mini murhu bara, wanda ya ce a gefen Salvu ya fara riƙe waya. Tambayi iyayen da ke kawo ɗansu mai tsoron hayaniya da safiyar Lahadi, ya rage musu ƙarar kowace na'ura na awa guda, ba wanda ya sa shi.

Watan jiya Bronwyn ta kira ni. Yanzu tana da hamsin da huɗu, da jikarta. Ba mu taɓa tayar da maganar nan ba tun ranar motar. Ta ce, "Mama, Salvu zai yi ritaya ƙarshen wata." Na ce na ji. Sai ta ce, "Shekara arba'in da ɗaya ke nan nama bai lalace ba?"

Washegari na gasa kek na shiga ta ƙofar arewa. Na same shi da kansa a cikin wata na'ura. Na tsaya a bayansa na ce, "Salvu, ni ce na cire filogin."

Ya fito da kansa a hankali, gashin bakin nan ya yi fari fat. Ya ce, "Misis Pascoe, ai ina wurin."

"Na sani. Na zo ne in faɗa da bakina."

"To, kin faɗa. Kek ɗin na lemo ne?"

Na ce ya daina yi mini wasa, ya gaya mini dalilin da ya sa ya ɗauki laifin. Ya goge hannu da tsumma ya ce, "Yarinyarki za ta koma makaranta ranar Litinin. Ajinsu ɗaya da abokan Zoran. Ni kuwa ba na zuwa makaranta." Sai ya ƙara da cewa, "Amma in sauke kaya kika zo yi, kin ɓata hanya. Ba ni ne ban sani ba."

Risto yana gidan kula da tsofaffi yanzu, bayan tashar jirgi. Matarsa ta rasu, ƙafafunsa sun ƙi. Sau biyu ina zuwa ina juyawa daga wajen ajiye motoci, kun ga hali ba ya tsufa. A na uku na shiga. Na same shi a bakin taga da bargo a cinya. Na faɗi sunana, na faɗi ranar, na ce ni ce matar da ya matsa wa ta wuce. Na faɗa masa duka, har da "ayya".

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Kore kika sa. Riga koriya."

Na ce haka ne.

"Na tofa wa mutumin nan yawu."

Na ce na sani.

"Kin sani." Ya mayar da ido taga. Na jira ya zage ni, na jira ya ce ya yafe, ko ɗaya bai yi ba. Da na miƙe zan tafi ya ce, "Kina da mota? Ranar Juma'a ki zo ki ɗauke ni. Kada ki makara."

Ranar Juma'a, ranar walimar sallamar Salvu, wurin ya cika. Manyan mutane masu tumbi da sanƙo, waɗanda Salvu ya kora da tsintsiya, sun zo da 'ya'yansu. Ana cikin jawabi na turo keken Risto. Waɗanda suka san labarin suka buɗe hanya har kusurwa. Salvu ya ajiye farantinsa. Gilashin ya dushe saboda tsufa, amma haruffan na nan a sama.

Risto ya cire hula. Ya daɗe. Sannan, ba tare da ya juyo ba, ya ce, "Wata nawa ka yi?"

Salvu ya ce, "Biyar."

"Zoran sati uku ya yi yana koyo."

"Ai shi gwani ne. Ni mai shara ne."

"Mai shara maƙaryaci." Ya miƙa hannu ta gefe, Salvu ya kama. Ba wanda ya ga idon wani, don kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Mai wurin na yanzu ya ba Salvu na'urar kyautar sallama, Salvu kuma ya ce a kai ta falon gidan tsofaffi. Masu ɗauka suka zo da amalanke. Sai an cire wuta kafin a ɗaga. Salvu ya waiwaya ya neme ni cikin mutane, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Misis Pascoe, zo. Ke ce ƙwararriya."

Na ce ko za a kashe ni ba zan taɓa wayar nan ba.

Ya matso ya rage murya. "Na sa mata ɗan batir tun shekara talatin da suka wuce. Ba abin da zai goge. Cire."

Na durƙusa da gwiwoyin nan nawa masu ƙara, na cire. Gilashin ya yi baƙi, na ji ɗan sautin nan. Na bi motar kayan har gidan tsofaffi, ban zauna ba sai da aka jona. Ta yi ƙugi, ta yi walƙiya, ZOR ya fito a saman jeri. Risto ya dube ni ya ce, "To, tafi gida." Iyakar abin da na samu ke nan daga wajensa, kuma ya fi abin da na cancanta.

Salvu Micallef, mai makullai, bangon da yara suka jingina da shi ba su sani ba, na gode. Na gode a madadin 'yata, wadda ta tafi makaranta ranar Litinin ba wanda ya nuna ta da yatsa. Na gode da gaisuwar shekara arba'in da ban isa in amsa ba. Ga sunanka na wanke a gaban unguwa, a makare: Salvu bai taɓa yin tuntuɓe da wayar kowa ba. Duk wanda ya sake kiransa da sunan nan, ya zo ya same ni.

Ku kuma masu karatu, in za ku yi koyi, ku yi da shi. Ku kula da abin da aka ba ku tsaro, ko da wasu na ganin wasan yara ne. In kuma kun tsinci kanku a inda na tsinci kaina, a cikin mota da makulli a hannu, taku ɗari tsakaninku da gaskiya, ku bar naman ya lalace. Ku fita ku koma.